Igiyar da Emrys Ya Rataya a Wuyansa

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, can arewacin Wales, ana ce masa Emrys Tudur. Direban motar madara ne a da, har ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ban ɗauke masa wannan ba. Amma fa akwai taurin kai. In Emrys ya ce yau ba za a yi ruwa ba, ko yana jiƙewa sharkaf sai ya ce maka raɓa ce.

Yana da kare mai suna Pero, baƙi mai farin ƙirji. Asali karen matarsa ne, Eirlys. Ita ta raine shi tun yana kwikwiyo, a cikin kwando a gindin murhu.

Daga baya ciwon mantuwa ya kama Eirlys. Ya fara da ƙananan abubuwa, har ya kai tana fita da rigar barci tana neman gidan iyayenta. Dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke cikin gari.

Ciwon ya cinye sunayen 'ya'yanta, ya cinye fuskar mijinta, amma bai ci Pero ba.

Duk Lahadi bayan an taso daga coci, Emrys zai sa karen a mota su tafi. Da Pero ya shiga ɗakin, sai fuskar Eirlys ta washe.

"Ɗan banza, ina ka shige?" Haka take ce masa tana shafa kunnuwansa. Sai ta ɗaga kai ta dubi mutumin da ke tsaye a bayan karen, ta ce, "Emrys, ka ba shi abinci kuwa? Ka ga yadda ya rame."

Wannan "Emrys" ɗin shi ne abin da yake jira mako guda cur. Ya taɓa zuwa sau ɗaya ba Pero, lokacin da karen ya ji ciwo a ƙafa. Ranar Eirlys ta kira ma'aikaciya ta tambaye ta ko wane ne wannan mutumin da ya zauna mata a ɗaki. Tun daga nan Emrys ya gane cewa in ba karen, matarsa ba ta san shi ba.

To, ga inda matsalar take. Emrys ba ya sa wa Pero igiya. Yana da ita, ja ce ta fata, amma a wuyansa yake rataya ta, kamar yadda masu ji da karnukansu suke yi a nan don a san nasu ya wuce ɗauri. Tun Eirlys tana da lafiya take faɗa da shi a kan haka, don ita 'yar makiyaya ce.

"Emrys, igiya a wuyan kare ake sa ta, ba a wuyan mutum ba."

Shi kuma sai ya yi dariya ya ce nasa karen fito ɗaya yake ji.

Hanyar da yake bi kullum da safe ta ratsa gonar surukansa ne ta hau dutse. Hanyar kowa ce, ba mai hana ka bi. Ƙanwar Eirlys, Nesta, ita ke riƙe da gonar da garken tumakin da suka gada. Duk shekara in haihuwar tumaki ta gabato, sai ta kafa allo a bakin ƙofa tana roƙon mutane su riƙe karnukansu.

Wata safiya ta tare shi a nan, tana ɗauke da buhun dusa.

"Yaya Emrys, wannan abin wuyan ya yi maka kyau. Biki za ka?"

"Ke dai tsohuwa, kishi kike. Naki karnukan sai kin yi ta ihu har muryarki ta dishe. Nawa fito ɗaya."

"Nawa aiki suke yi. Naka ɗan gata ne, bai san tunkiya ba sai a faranti."

Suka yi dariya. Sai ta sauke buhun, wasan ya bar fuskarta.

"Cikin tumakin nan ya tsufa, Yaya. Don Allah ka sa masa igiyar, ko zuwa ƙarshen wata ne."

"Pero ko ƙuda bai taɓa cizo ba. Allonki na 'yan birni ne masu zuwa yawon ƙarshen mako, ba namu ba."

Ya wuce abinsa yana fito.

Ba a yi mako ba abin ya faru. Suna tsakiyar gangare wata tunkiya ta zabura daga bayan dutse, Pero ya bi ta. Kafin Emrys ya ankara garken gaba ɗaya ya watse, karen yana bin wannan yana sakin waccan. Sai da Emrys ya yi fito har leɓensa ya gaji kafin Pero ya dawo, harshe a waje, yana kaɗa jela.

Emrys ya durƙusa ya buɗe bakin karen ya duba. Ba jini, ba gashi. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Wasa ne kawai." Bai gaya wa kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki Nesta ta kira shi ta ce ya zo gona. Ya same ta a rumfar haihuwa. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta jera 'ya'yan tumaki a kai, jiƙaƙƙu, ba mai motsi. Iyayen sun yi ɓari.

"Maƙwabcina ya hango ku daga nasa gangaren," in ji ta.

"Ko taɓa su bai yi ba. Na duba bakinsa da kaina."

"Ba sai ya taɓa ba, kai ma ka sani. Gudun da firgicin sun isa."

Ya sani mana. Wa ya girma a ƙauyen nan bai san haka ba? Kawai dai a ganinsa maganar karnukan wasu ce.

Nesta ta ce, "Ba na neman komai a wurinka. Amma kare in ya ji daɗin kora, ba ya mantawa. In na sake samunsa a cikin garke kuma ya ƙi jin kira, ka san abin da doka ta ba ni. Kada ka sa ni in yi abin da ba zan iya haɗa ido da Yaya Eirlys ba."

"Au, da bindiga kike min barazana?"

"Roƙonka nake yi, Yaya."

Ya fita a fusace. Amma abin da ya gani a kan buhun ya tsaya masa a rai, don haka washegari ya sa wa Pero igiya.

Da ma abin ya tsaya nan. Sai dai kun san mutanen ƙauye da tsokana. Ranar Juma'a ya shiga kantin gari sayen burodi, Pero a ɗaure a hannunsa, ya tarar da tsofaffin abokansa suna hira.

Ɗaya ya ce, "Lale, lale. Mai fito ɗaya ne yau da igiya?"

Wani ya ce, "Ku bar shi. Nesta ce ta ɗaure su su biyun, ba mu dai san wanda ke jan wani ba."

Emrys ya yi yaƙe, ya biya, ya fita. Maganar banza ce, wadda su da suka faɗe ta sun manta kafin shayinsu ya huce. Shi kuwa ya kwana da ita.

Da safe gari ya waye da rana bayan an daɗe ana ruwa. Suka hau har saman dutsen. Iska tana kaɗawa, Pero yana jan igiya yana kuka ƙasa ƙasa, yana waiwayen ubangidansa. Emrys ya duba gabas, ya duba yamma. Ko tunkiya ɗaya bai gani ba.

Ya ce, "Jeka, ɗan sha iska. Ba mai ganinmu."

Ya kwance shi, ya rataya igiyar a wuyansa.

Ashe tumakin suna nan kwance a wani kwari bayan katangar dutse, sun fake wa iska. Emrys bai gan su ba, amma hancin Pero ya ji su. Tsalle ɗaya ya haye katangar.

Emrys ya yi fito. Ya sake yi. Iska ta kwashe fiton ta yi wani wuri da shi. Ya ruga da gwiwoyinsa na tsufa ya leƙa ta saman katanga. Garken ya miƙe a guje, kuma wani tsohon rami da ake fasa dutse a da ya nufa. Ramin nan ba shinge a bakinsa.

Yana kallo tunkiyar farko ta faɗa. Ta biyu ta bi ta.

Sai ga ƙarar babur mai ƙafa huɗu daga ƙasa. Nesta ce, ta jiyo kukan tumakin. Ta diro da bindiga a hannu, ta harba sama. Pero ko waiwaye bai yi ba.

"Yaya, kira shi! Kira shi mana!"

Ya kira. Ya kira da fito, ya kira da suna, ya kira da irin muryar da Eirlys take kiransa. Karen da yake ɗaga kunne in an motsa cokali a kicin, ranar bai san yana da suna ba. Sauran garken sun taru cunkus a bakin ramin, na baya suna tura na gaba.

Nesta ta sauke bakin bindigar, ta auna Pero, ta harba. Emrys ya ji ƙarar a cikin ƙirjinsa.

Da ya isa wurin, Nesta ta riga shi. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe Pero, ta durƙusa a cikin laka. Ya zo da zagi cike da bakinsa, ya buɗe baki zai fara, sai ya ga hawaye yana bin fuskarta.

"A rumfata aka haife shi," in ji ta. "Ni na zaɓe shi na kai wa Yaya. Me zan ce mata yanzu?"

Zagin ya mutu a bakinsa. Ya sunkuyar da kai, sai ya ga jar igiyar tana lilo a ƙirjinsa. Nan ya zauna a ƙasa, dattijo mai furfura, ya yi kuka kamar yaro.

Su biyu suka haƙa wa Pero rami, a bayan gidansa, gindin bishiyar tuffa da Eirlys ta dasa. Nan suka binne shi.

Washegari Lahadi ce. Ya yi ta kai da kawo a tsakar gida, zuwa ko fasawa. Daga ƙarshe ya yanka burodi mai zabibi irin wanda take so, ya shafa man shanu, ya naɗe. Hannunsa ya ɗauki igiyar daga ƙusa ya rataya a wuya, don sabo, bai ma lura ba.

Ya same ta zaune a bakin taga, an taje mata kai. Da ƙofa ta buɗe ba fuskarsa ta duba ba. Ƙasa ta duba, wajen ƙafafunsa, inda ta saba ganin baƙin kan Pero yana shigowa. Ta jira. Sannan ta ɗago.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

"Ni ne, Eirlys. Emrys ne."

Ta yi masa murmushi irin na baƙo. "Ikon Allah. Mijina ma sunansa Emrys. Yanzu zai zo da karenmu. Zauna ka jira, za ka gan su."

Ya zauna. Ya miƙa mata burodin, ta karɓa ta gode, ta gutsuri gefe ta ɓoye a aljihun rigarta.

"Na Pero ne," ta ce masa a hankali. "Kada ka gaya wa masu aikin nan."

Can idonta ya kai kan ƙirjinsa. Ta miƙa hannu ta taɓa igiyar, ta girgiza kai.

"Kai ma irinsa ne. Kullum sai na gaya masa, igiya a wuyan kare ake sa ta, ba a wuyan mutum ba. Ba ya ji. In ka haɗu da shi a hanya ka tuna masa, ka ji? Cikin tumakin Baba ya tsufa."

Emrys ya ce, "Zan gaya masa."

Ta juya ta ci gaba da kallon ƙofa.

Har yanzu yana zuwa duk Lahadi. Nesta ce take kai shi a motarta, don tun ranar bai cika son tuƙi ba. Ta taɓa ba shi wani kwikwiyo baƙi mai farin ƙirji, suka je da shi, Eirlys ta shafa shi ta ce kyakkyawa ne, na wane ne? Ba ta ƙara kiran sunan mijinta ba. Yakan ja kujera ya zauna kusa da ita, su biyu suna kallon ƙofar nan har lokacin ziyara ya ƙare.

Darasi: 'Yan'uwa, "nawa ba ya yi" ita ce maganar da ta kashe Pero, ba bindigar Nesta ba. Dabba dabba ce komai tarbiyyarta, kuma riƙe ta a inda aka ce a riƙe ba cin mutuncinka ba ne, ƙauna ce gare ta da kare haƙƙin maƙwabci. In an yi maka gargaɗi har ka ga alama da idonka, kada dariyar 'yan zaman hira ta sa ka kwance abin da ka ɗaure, don su za su tashi su tafi gidajensu, kai za ka zauna da asarar. Ku tura wannan labari ga duk wani mai taurin kai da kuke ƙauna, tun igiyarsa tana da wuyan da za a sa mata.