Ntate Phakiso da Garejin Tlali

Akwai wani mutum a garinmu na Qwaqwa mai suna Tlali. Yana da bas-bas na haya goma sha ɗaya, da babban gareji inda bakanikai shida ke gyara su. Mutum ne mai saurin hannu. Babu direbansa da bai taɓa shan mari ba.

Da sanyin watan Yuni, wanda shi ne hunturu a wajenmu, ya sauko daga duwatsu, aiki ya fara tsayawa a garejin, domin yatsun bakanikan ƙagewa suke yi har su kasa riƙe sifana. Sai Tlali ya yanke shawarar sa irin esin nan na bango mai ba da ɗumi da sanyi, wanda kansa ke ciki, injinsa kuma a waje.

Ya aika aka kira Ntate Phakiso (Ntate shi ne "baba" a harshenmu), wani dattijo da ya shekara ashirin da biyar yana wannan sana'a.

Dattijon ya zo da tef ɗinsa, ya auna tsawo da faɗi, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi, ya ƙwanƙwasa bango. Sannan ya ce, "Ntate Tlali, matsakaita biyu za ka sa, ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, nesa da ƙofa da wurin walda. Amma a fara yin silin, in ba haka ba kwano ne zai shanye ɗumin."

Tlali ya ce, "Ni ba na sayen ƙananan kaya. Ƙato ɗaya nake so, a saman ƙofa, injin ma a saman ƙofa ta waje, duk wanda ya wuce ya gani."

"Ƙaton zai riƙa tashi yana mutuwa, gaba zafi, baya sanyi. Kuma injin yana zubar da ruwa a lokacin sanyi, zai daskare a bakin ƙofa. Bangon nan ma bulo ne mai rami, ba zai ɗauki nauyinsa ba. Gaskiya ba zan ɗaura shi a can ba."

Wani bakanike ya ce a hankali, "Tsohon ya fi shi gaskiya." Sauran suka yi dariya.

Dariyar nan ce ta tunzura Tlali. Ya shaƙo wuyan rigar dattijon ya ce, "A garejina za ka koya mini hankali, tsohon banza?"

Ya kwaɗa masa mari, ya hankaɗe shi ya faɗi kan teburin aiki. Phakiso ya dafa teburin zai tashi, Tlali ya ɗauki babbar sifanar taya ya sauke masa a bayan hannun dama. Kowa ya ji ƙarar ƙashi. Ya ƙara masa na biyu, sannan ya bi shi da ƙafa har bakin titi, ya watso masa jakar kayan aikinsa.

Babu wanda ya iya shiga tsakani. Wata mai sayar da gasasshiyar masara ce ta naɗe masa hannu da ɗankwalinta ta tare masa mota. A asibiti aka ce yatsu uku sun farfashe. Daga can ya wuce ya kai ƙara wurin 'yan sanda.

Tlali ko a jikinsa. A satin ya samo wani mai suna Seabata, wanda duk abin da aka ce masa sai ya ce, "An gama, Ntate." Cikin yini ɗaya ya ɗaura ƙaton a inda aka nuna masa.

Ba a yi sati uku ba komai ya fara fitowa fili. Duk sanda aka buɗe ƙofa, ɗumin ya bi iska. Masu aiki a ƙurya suna rawar sanyi. Injin kuma yana ta ɗiga a bakin ƙofa.

Wata safiya a watan Yuli aka tashi ƙofar garejin ta zama ƙanƙara, injin ma ya yi fari fat. Tlali da kansa ya zame ya faɗi a gaban direbobinsa. Ya tashi yana huci ya kira Seabata.

Seabata na isowa, Tlali ya tarye shi da naushi a baki. Amma Seabata ba dattijo ba ne. Ya tofar da jini ya ce, "Kai ka ce a sa a nan, ni kuma na sa!" Ya rarumi guntun bututun ƙarfe ya zabga wa Tlali a haƙarƙari. Suka kama kokawa a kan ƙanƙara, suna faɗuwa suna tashi, har Seabata ya fasa masa goshi ya ruga ya shige motarsa.

Jini na zuba a fuskarsa, Tlali ya daka tsawa, "Ku ba ni tsani da guduma! Ni zan fasa ƙanƙarar nan da kaina."

Babban bakanikensa ya ce, "Ntate, don Allah kashe wutar tukuna, a kira wanda ya sani."

"Rufe mini baki!"

Ya hau ya fara dukan injin. A bugu na huɗu guduma ta huda bututu, iskar gas ta feso masa a fuska. Ya yi ihu, ya saki tsani ya cafki ƙarfen da ke riƙe da injin. Bulo ya ɓare. Tlali ya faɗo, injin ya biyo shi ya sauka a kan ƙafarsa ta hagu.

Sai da mutum huɗu suka taru kafin su ɗaga shi. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ido ɗaya kuma bai ƙara gani da shi ba.

Bayan wata biyu, matarsa Mme Malerato (Mme ita ce "mama") ta tuƙo shi zuwa gidan Ntate Phakiso. Ya shigo yana dogara sanduna. Dattijon ya ba shi kujera, ya zuba masa shayi da hannun hagu.

Tlali ya karɓi shayin. Can ya ce, "Ntate, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Phakiso ya ɗaga hannun damansa, yatsun a sandare. Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma ka ga waɗannan ba za su ƙara lanƙwasa ba. Kuma ƙarata tana nan, ba zan janye ba. In na janye, gobe wani za ka daka."

Tlali ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji."

Mme Malerato ta ce, "Ntate, garejin fa? Yanzu ni ke kula da shi, ban san wanda zan kira ba."

Dattijon ya ce, "Zan zo ranar Litinin, Mme. Ba don mijinki ba, don mutum shidan nan da ke kwanciya a ƙarƙashin mota."

Ya je kuwa. Ya zauna a kan kujera yana nuni, wani abokin sana'arsa yana ɗaurawa. Aka yi silin, aka sa matsakaita biyu, injinansu a bayan gini kan dakali. A watan Nuwamba kotu ta yanke wa Tlali ɗaurin shekara biyu, kuma babu direbansa ko ɗaya da ya raka shi.

Darasi: Kuɗinka zai saya maka na'ura, amma ba zai saya maka sanin inda za a ɗaura ta ba. Idan mai sana'a ya faɗa maka gaskiyar da ba ka so, ka saurare shi, kada ka ɗaga masa hannu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai saurin fushin da kuka sani.