Bindigar da Ta Kwana Cikin Daddawa

Ku matso kusa, ba na son ɗaga murya. Abin nan ba a garinmu aka yi shi ba, kuma don Allah kada wanda ya tambaye ni sunan garin. Sunayen mutanen ma na sassauya su. In kun gama ji ku yi ta musunku, amma kada a ce a bakina aka ji.

Wani tsoho ne, Baba Jatau, mai gadin kasuwa. Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyu, Sallau da ƙanwarsa Uwani. Abin da ya bari ba yawa: babur, keken ɗinki, rediyo, riguna da 'yan awaki. Sai wata ƙaramar bindiga irin wadda ake sokewa a ƙugu, wadda ba a taɓa jin ya harba ba.

To Sallau yana da wasu abokai masu zuwa ramin haƙar zinariya can cikin daji. Suka ce masa in ya zo da bindiga a kan babur ba zai yi haƙa ba, gadi za a ba shi, kuɗi kuwa sai ya ture. Samarin unguwar da suka tafi irin wannan gadin, wasu gawarsu aka kawo, wasu ko gawar ba a gani ba. Innarsu ta yi kuka, ta yi roƙo. Sallau ya ce shi fa bindigar ubansa ce, kuma tafiya ba fashi. Inna ta daina cin abinci.

Mutum uku ne suka shiga tsakaninsa da dajin nan, kuma ba wanda ya yi shawara da wani.

Ta farko Goggo Delu ce, yayar marigayin, mai sana'ar daddawa. Tun ana zaman makoki ta lallaɓa ta zaro bindigar daga ƙarƙashin katifa, ta cusa ta can ƙasan kalwar da ta dafa ta rufe tana ruɓa. Kun san warin wurin, namiji ko kusa ba ya zuwa. Sallau ya birkice ɗaki, ya tone ƙasa, ya hau rumbu, bai ga komai ba. Ya zo ya tsaya nesa da ita ya toshe hanci ya ce, “Goggo, ba ki ga wani abu na Baba ba?” Ta ce, “Na ga ɗansa, ga shi tsaye yana yi min ƙyanƙyami.” In ta kwashe wannan daddawar sai ta mayar da bindigar ƙarƙashin sabuwa. Kai, miyar garin nan kaf sai da ta ɗanɗani bindiga. Amma ranar rabon gado, bayan sadakar arba'in, da Liman ya ce a fito da komai ko allura ce, Goggo ta ji tsoron Allah, ta je ta ɗauko ta. Ta fito jajir da tsatsa, tana wari, mutane suna ja da baya.

Na biyu Baba Tanko ne, maƙeri, wanda Liman ya kira ya yi mata kuɗi, don ba a raba abu sai an san darajarsa. Abokan Sallau sun riga sun hure masa kunne cewa irin wannan bindigar ta kai kuɗin bijimin sa. Baba Tanko ya karɓa, ya fara tabbatarwa ba harsashi ciki, ya ɗaga ta wajen rana ya leƙa bakinta, ya taɓa kunamarta ya ji ta cije, ya ƙwanƙwasa ta da farce tsatsa tana zuba. Ya ce, “Allah gafarta Malam, yadda take yau ɗin nan, in mutum ya ba da kaza ya karɓe ta, an cuce shi kaɗan.” Sallau ya yi tsalle ya ce, “Baba, kaza fa ka ce!” Ya ce, “Kazar ma wadda ta daina ƙwai.” Sallau ya ce to ya gyara masa. Baba Tanko ya ce shi garma yake yi da lauje. A ransa kuwa ya san da ɗan mai da ɗan haƙuri bindigar nan za ta tashi. Amma kuɗinta na yau aka tambaye shi, na yau ɗin ya faɗa.

Duk da haka Sallau ya ce a sa masa ita cikin rabonsa, tunda arha ce, ya kai ta wani gari a gyara. Inna tana bayan ƙofa, aka ji ta saki salati.

Ta uku Uwani ce, wadda ko gaisuwa ba ta iya yi wa baƙo sai ta ɓuya bayan Inna. Rabonta keken ɗinki ne da akuya guda, ja, mai farin goshi, mai zuwa in an kira ta. Haka dai aka ce min. Sai aka ji ta ce ita ma bindigar take so. Aka yi dariya. Sallau ya ce, “Ke, me za ki yi da ita? Tuƙa tuwo?” Ta ce, “Ni ma ubana ne, Yaya.” Liman ya ce ai ta yi gaskiya, in magada biyu suna son abu ɗaya, wanda ya yarda a lissafa masa shi da tsada shi zai ɗauka. Sallau ya ce ya bar mata bunsurunsa. Uwani ta ce ta bar masa akuyarta. Ya zare ido, ya ƙara da rediyo da rigunan Baba. Ta dubi keken nan da take koyon ɗinki a kai, ta ce ta bar masa shi ma. Saura babur kaɗai a hannun Sallau. Ya dubi babur, ya dubi wannan ƙarfe mai wari da aka ce bai kai kaza ba, ya yi tsaki ya ce, “Ɗauki kayanki, mahaukaciya.”

Nan take, gaban Liman da mai unguwa, ta miƙa wa Baba Tanko. Ya kai maƙera ya sa ta a wuta ya daddake ta, ya yi wa ƙofar gidan sakata da ita. Ran nan Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Abokan sun tafi ba Sallau, don ba bindiga ba gadi. Daga baya aka ji abin da ya same su, ni dai ba zan faɗa ba. Shi kuwa yana nan yana acaɓa, yana ta ƙorafin tsadar mai. Kullum da yamma sai ya dawo ya buga ƙofa yana cewa, “Ke Uwani, zo ki zare bindigarki in shigo!” Keken ya sayar tun da wuri, amma da akuyar ta haihu ya ɗaure wa Uwani ɗiya guda a bakin ɗakinta.

To ga shi nan. Goggo ta lalata kayan marayu da hannunta, amma ba don ita ba da ya tafi tun ana makoki. Baba Tanko bai faɗi duk abin da ya sani ba, amma da ya ce ta kai kuɗin bijimin sa, da Sallau ya ba da babur ɗin ya tafi ko a ƙasa. Uwani kuwa ta tashi a gadon ubanta ba keke ba akuya.

Inna tana son ta dafa kaza guda ta kai wa wanda ya tsare mata ɗa, kuma ta ce ba za ta raba ta uku ba. To ku faɗa min, a ƙofar wa za ta ajiye kwanon?