Mai Askin da Ke Rubuta Sunan Mamaci Tun Yana Raye

An yi wani mutum mai aski a nan Jatinegara, a lungun da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa suna nan da ransu, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka taɓa miƙa masa ƙeya. Shekara talatin yana riƙe da almakashi. Yana salla, yana azumi, ba ya shaye-shaye. In ka gan shi ran Juma'a da farar riga da baƙar hula, sai ka rantse shi zai hau mumbari.

Abu ɗaya ne ya ɓata shi, kuma da wasa aka fara.

Su shida ne suke zaman hira a shagonsa. Duk shigowar sabuwar shekara, kowa sai ya rubuta sunayen mashahuran mutane goma da yake ganin ba za su kai ƙarshenta ba. Akwai tsofaffin mawaƙa, akwai 'yan fim da ƙwaya ta cinye, akwai ɗan damben da hannunsa ya fara rawa. Sai a naɗe takardun, a zuba a gwangwanin biskit, a liƙe baki, a ɗora saman madubi. Wanda mutanensa suka fi mutuwa shi ya ci, sauran su saya masa tsiren akuya ya ci har ya ture. Tsire fa, ya 'yan uwa! A kan 'yan tsinkaye magidanta shida suka zauna suna jiran bayin Allah su cika.

In rediyon shagon ta sanar da rasuwar wani, mai zaune a kujera yakan yi salati. Shi kuwa mai askin sai ya ɗaga almakashi sama ya ce, "Wannan mutumina ne!"

Sauran biyar ɗin jarida suke dubawa su yi cinta. Shi bai tsaya nan ba. Kun san al'adarmu ta dubiya, ba a tambayar mai dubiya wa ya aiko shi. Ita ya mayar tarko. Da watan ƙarshe na shekara ya kama, sai ya sayi lemo a leda ya bi asibitoci, ya ce shi masoyi ne tun yana saurayi.

Haka ya shiga wurin Bu Tumirah, tsohuwar mawaƙiyar nan da duniya ta manta da ita. Wata uku tana kwance, ban da ƙanwarta ba mai leƙa ta. Ta riƙe hannunsa, ta yi kuka, har ta rera masa ɗan baiti da muryar da ta rage mata. Shi kuwa yana murmushi yana ƙare mata kallo. Ya ga ƙafa ta kumbura, ya ga farin ido ya koma rawaya, ya ga kwanon abincinta ko taɓawa ba a yi ba.

Da ya koma shago ya gaya wa amininsa Bang Matsani, mai tuƙa keke mai ƙafa uku, "Tsohuwar nan ba za ta ga azumi ba."

Bang Matsani ya ce, "Kai dai ba ka da tsoron Allah. Tana yi maka waƙa, kana auna mata likkafani?"

Ya ce, "To me na yi? Lemo na kai mata. Kai me ka kai?"

Ba ta ga azumin ba. Shekara huɗu a jere shi ke cin tsiren.

Ana nan sai jiri ya fara ɗibarsa, takalmi ya daina shiga. Likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ya sha magani kullum, ya huta, in ba haka ba wata rana zai faɗi. Kafin yamma labari ya gama lungu. Washegari matan unguwa suka zo dubiya a ayari, kamar yadda aka saba, wannan da lemo, waccan da faten shinkafa. Maza suka biyo baya bayan la'asar.

Me mutumin ya gani? Bai ga maƙwabta ba. Ya ga leda, ya ga lemo, ya ga murmushi, kuma ya san abin da shi yakan ɓoye a bayan irin wannan murmushin. Ya ja zane ya rufe ƙafafunsa.

Da suka watse ya tambayi matarsa, Mpok Rodiah, "Me ya sa matar abokin hirata Pak Wardiman take kallon ƙafata?"

Ta ce, "Haba Bang," wato yaya, yadda muke kiran magidanci, "ƙafa ta yi kamar kabewa, wa zai shigo bai kalla ba?"

Ya ce, "Ta kuma leƙa kwanona. Na gan ta."

Ta ce, "Ita ta dafa, so take ta ga ko ka ci."

Bai yarda ba. Ya aika a kira abokan wasan, ya ce lallai a buɗe gwangwanin a gabansa, ko da shekara ba ta ƙare ba. Bang Matsani ya ɗauko shi daga shago, ya ɓare, ya zazzage takardun a kan tabarma. Mai askin ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Babu sunansa.

Bang Matsani ya ce, "Bang, wasan nan na mashahurai ne. Kai wa ya san ka, ban da masu gemun Jatinegara?"

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ga dariyar ta zo da wuri, ya ga Pak Wardiman ya kalli ƙasa. A ransa ya ce, ashe akwai gwangwani na biyu.

Ya 'yan uwa, zato in ya sami wurin zama a zuciya, hujja ba ta korarsa, ƙiba take ƙara masa. In an zo duba shi, leƙen asiri ne. In ba a zo ba, an riga an gama lissafinsa. Ya daina shan magani don kada a ce ya dogara da shi. Ya buɗe shago da ƙarfin hali, yana ɗaga murya, yana taka ƙasa da ƙarfi, don masu kallo su ji haushi. Mai sayar da kofi ya ce masa, "Ya jiki?" sai ya daina gaishe shi.

Daga nan abin ya iso cikin gida. Wata safiya Mpok Rodiah ta miƙa masa ƙwayar magani da ruwa. Ya dube ta ya ce, "Jiya na ji kina waya da matar Matsani. Rahoto kike kai musu? Me suka ce za su ba ki?"

Shekara talatin da biyu suna tare. Ta ajiye kofin, ta yi kuka mai isarta, ta ɗauki jaka ta tafi wurin 'yarsu a Bekasi, wai ko zai huce cikin kwana biyu. Amma kafin ta hau mota sai da ta biya ta roƙi Bang Matsani ya riƙa leƙa shi kullum da abinci. Shi kuwa tana fita ya kira mai gyara ya sake makullin ƙofa.

Ran Talata da hantsi ya fito daga banɗaki, ƙafar dama ta ƙi shi. Ya faɗi a tsakar ɗaki, taku uku da ƙofa. Hannu ya mutu, baki ya karkace, amma murya tana nan. Bai daɗe a ƙasa ba sai ga sallama.

"Bang, ni ne Matsani. Fate na kawo maka. Kana ciki?"

Ku tsaya ku duba wannan wuri, ya 'yan uwa. Ga aminin shekara arba'in a bakin ƙofa. Ga kekensa a bakin lungu, injin ko hucewa bai yi ba. Asibiti tafiyar minti goma ne. Abin da ya rage tsakanin mutumin nan da ceto kalma ɗaya ce, ko da nishi ne.

Ya buɗe baki. Sai zuciyarsa ta ce masa, muryarka ya zo ji. In ya ji yadda ta koma, yau zai je ya gaya musu lokaci ya yi. Sai ya rufe bakin. Har numfashinsa ya riƙe don kada a ji.

Bang Matsani ya yi sallama sau uku, ya kara kunne a jikin ƙofa, ya ji shiru. Ya ce, "Tsohon nan da taurin kai, ya fita yawo ke nan." Ya rataye ledar a hannun ƙofa ya tafi neman fasinja.

Da la'asar ya dawo, ya ga ledar tana nan. A lokacin mai askin ya so ya amsa. Wallahi ya so. Amma harshen ya riga ya tafi. Sai da Bang Matsani ya kira maƙwabta aka ɓalle ƙofar. Likita ya ce da an kawo shi da hantsin nan, da da ƙafarsa zai koma gida.

Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Harshen ya ɗan dawo, daidai gwargwadon da zai gaya wa matarsa abin da na gaya muku, yana kuka. Rana ta goma sha biyu aka kafa tuta rawaya, alamar rasuwa, a bakin lungu. Bang Matsani ne ya wanke shi, hawaye na zuba a cikin ruwan wankan.

To, wa ya kashe mutumin nan? Ba wanda ya rubuta sunansa. Ba wanda ya yi masa fatan mutuwa. Shi ne ya shekara yana kallon mutane da idon mai jiran gawa, har ya kasa yarda akwai wani irin ido a duniya. Ya ɓata dubiya da hannunsa, ranar da ya buƙace ta sai ya kasa gane ta.

Na san wasan bai mutu ba. Yanzu ma ba sai da gwangwani ba, a waya ake yi, ana aika hoton tsohon mawaƙi a keken asibiti ana dariya. Kuna cewa ai ba ku san shi ba, ai mashahuri ne. Shin mashahuri ba shi da 'ya'ya? Shin Mala'ikan mutuwa ya taɓa nuna wa waninku takardarsa? Sanin ajali na Allah ne shi kaɗai. Wanda ya ji ɗan uwansa ba lafiya, ya roƙa masa sauƙi ko ya yi shiru. Wanda kuma ya san sunan wani bawan Allah yana rubuce a wurinsa, ya je ya goge yau, tun yana da hannun gogewa.

Allah ya kiyaye mu da mugun zato, ya kiyaye mu da murna a kan ciwon wani. Ranar da muka faɗi, ya kawo mana mai sallama a ƙofa, ya kuma ba mu zuciyar da za ta amsa. Amin.