Mai Lambun Da Ya Buɗe Wa Ruwa Kowace Ƙofa

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Ba rago ba ne, kada kowa ya ɗora masa wannan laifi. Kafin rana ta fito yana kan jigo, yana tsoma guga a rafi yana juyewa a hanyar ruwa, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Lambun nan an yanka shi fangali-fangali, wato ƙananan filaye masu gefen laka, kowanne da ƙofar shigar ruwa. Ga na tumatir, ga na barkono, ga na alayyafo. Can ƙarshe kuma, inda ƙasa ta fi kyau, ya dasa albasar mahaifinsa. Marigayin ya yi shekaru yana zaɓen irin nan, albasa ce mai jure ajiya, babu mai irinta a garin. Kwando ɗaya ya rage bayan rasuwarsa. Mahaifiyar mai lambu ta adana shi, ta danƙa wa ɗanta ya dasa domin albasar ta yi fure ta ba da iri.

Ka'idar ban ruwa kuwa sananniya ce. Ka buɗe ƙofa ɗaya, ka toshe sauran da laka, sai wannan fangali ya sha ya ƙoshi kafin ka koma na gaba. Mutumin ya san haka sarai. Amma yana da zuciya mai saurin damuwa. In yana shayar da tumatir, sai ya hango barkono ya langaɓe, ya ruga ya buɗe masa. Kafin ya dawo kan jigo, alayyafo ya ba shi tausayi, shi ma ya buɗe masa. A ƙarshe ya bar kowace ƙofa a buɗe, ya ce a ransa, “Bari kowa ya samu.” Ruwan guga kuwa kaɗan ne. Ya rarrabu nan da can, ya jiƙa fuskar ƙasa, ya ƙare tun bai kai fangalin albasa ba.

Da yamma mahaifiyarsa takan tambaye shi, “Albasar babanka ta sha ruwa?”

Shi kuwa yakan ce, “Inna, wannan ba aikin gaggawa ba ne. Bari in samu sarari, safiya guda zan ware mata ita kaɗai.”

Ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa haka yake nufi. Saboda darajar albasar ne ma yake jiran ranar da ba shi da wani aiki. Mai lambu kuma da ranar da ba aiki, ai sai dai a mafarki. Albasar ba ta langaɓewa da wuri kamar alayyafo, ba ta kuma kusa da idonsa, don haka ta yi ta jira.

Wata rana tsohuwar ta dogara sandarta ta zo lambun. Ta sunkuya a fangalin tumatir, ta cusa yatsa cikin ƙasa. Sama da danshi, ƙasa a bushe ƙayau. Ta dubi ɗanta, gumi na zuba daga haɓarsa, tausayinsa ya kama ta.

Ta ce, “Ɗana, kana kashe kanka, amma ba ka shayar da kowa. Toshe ƙofofin nan, ka bar ɗaya.”

Ya yi yadda ta ce. Ya fara da fangalin albasa, ya kora masa ruwa har ya cika ya batse. Amma lokaci ya riga ya wuce. Furen ya bushe a kan kara, da ya murza shi a tafin hannu sai ƙaiƙayi, ba ƙwayar iri ko ɗaya. Da ya tona ƙasa, albasar ta riga ta motse. Ya zauna a gefen fangalin ya yi kuka, tsohuwar ta zauna kusa da shi. Tumatir da barkono sun farfaɗo da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya kai su kasuwa. Irin mahaifinsa kuwa ya ƙare daga wannan shekara.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan guga shi ne lokaci da ƙarfin da Allah yake ba mu kowace rana. Yana isa, amma ba ya isar kowace ƙofa a lokaci ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake addu'a da rabin zuciya, rabin yana kasuwa, ko yake sauraron matarsa ido na kan waya, ya jiƙa fuskar ƙasa ne kawai. Ka kama abu ɗaya ka gama shi, sauran ba za su mutu ba don sun jira layinsu.

Fangalin albasa kuwa shi ne abin da ya fi daraja a wurinmu, wanda ba ya kuka, ba ya jan rigarmu. Zama a gaban Ubangiji. Yaron da yake girma a gidanka ba ka san abin da ke ransa ba. Ɗan'uwan da kake so ka nemi gafararsa. Ba ƙin su muke yi ba, 'yan'uwa, jiran ranar da ta dace muke yi, ni ma ina cikinku. Ga shi kuwa an ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ubangiji mai jinƙai ne, ba ya raina gumin mai wahala, yana kuma gafarta jinkirinmu. Amma gafara ba ta mai da busasshen fure ɗanye. Tun ina magana, kowannenku ya riga ya san wane ne fangalinsa na ƙarshe. In mun tashi daga nan, ku fara kai masa ruwa kafin ku ci abincin rana.