Ban da Fuskata

Akwai wani mai ɗaukar hoto a nan garinmu Rashid, a ƙasar Masar, sunansa Medhat. Hoton biki da na fasfo ne abincinsa, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse duniya ce ba ta gano shi ba tukuna. Na san shi tun muna yara. Aiki kam ya iya, girman kai ne ya yi masa yawa.

Wata rana ya ci karo da sanarwar gasar hotuna a intanet, a kan masu aikin hannu. Wanda ya yi na ɗaya zai samu sabuwar kyamara, a kuma baje hotonsa a Alƙahira. Sharuɗɗa tara aka jero. Na huɗu ya ce duk hoton da fuskar mutum ta fito a ciki, sai an haɗo da takardar amincewarsa, da sa hannunsa.

Medhat ya rataya kyamara ya nufi bakin Nilu, inda ake ƙera jiragen kamun kifi. A can akwai wani kafinta, dattijo marar yawan magana, da ake kira Amm Radi, wato Baba Radi. Mutumin Sa'id ne, can kudu. Yana da wani tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu.

"Amm Radi, ɗago ka kalle ni. Yau zan mai da kai tauraro."

Dattijon bai ɗago ba. "Ustaz, ɗauki jirgin. Ɗauki hannuna in kana so. Ban da fuskata."

"Haba, sai ka ce amarya! Wa ya ce maka kana da kyan da za a sace?"

"Na roƙe ka don Allah, ban da fuskata."

Medhat ya yi dariya ya ce ya ji. Ashe zagayawa ya yi. Ya hau wani jirgi daga nesa, ya sa gilashin nan mai jawo abu kusa, ya jira har dattijon ya ɗago yana share gumi. Ya ɗauka.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, hoton ya yi kyau. Har gashin gemunsa za ka iya ƙirgawa.

Da ya zo kan sharaɗi na huɗu, sai ya buga takardar, ya riƙe biro da hannun hagu, ya zana sunan dattijon a karkace. Matarsa Nirmin tana tsaye a kansa.

"Medhat, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ya ce ba ya so."

"Ke dai je ki duba kifinki kar ya ƙone. Wa zai taso daga Alƙahira ya binciki sa hannun kafinta?"

"Wanda ya ce ba ya so, yana da dalili."

"Dalilinsa ƙauyanci."

Ya tura. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Maƙerin jirage, bakin Nilu, Rashid." Har sunan shagonsa ya saka, don kada wani ya ci gumin basirarsa.

Hoto ya shiga goman farko. Shafuka suka yi ta ɗauka suna yaɗawa. Medhat ya wuni da waya a hannu yana karanta yabo, kansa kamar zai fashe.

A rana ta shida sai ga wani sharhi daga wani shafi da babu hoto a kansa: "Sannu da aiki, Hilal. Mun daɗe muna cigiyarka."

Medhat ya nuna wa Nirmin yana dariya, wai wani ya ɗauke shi wani. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce masa hankalinta bai kwanta ba, ta roƙe shi ya cire hoton. Ya ce ana saura kwana uku a faɗi sakamako, ko mahaukaci ba zai cire ba.

Washegari bayan azahar mutum biyu suka shigo shagon. Manyan riguna masu faɗin hannu, da rawani, da maganar mutanen kudu. Babban cikinsu ya yi sallama cikin ladabi, ya miƙo waya, yana kiransa basha, wato ranka ya daɗe.

"Kai ka ɗauki wannan, basha?"

"Ni ne! Ku zauna, bari a kawo shayi."

"Mun gode, ba za mu sha ba. Allah ya yi wa hannunka albarka. Tabon nan ya fito sosai."

"Kun san shi ke nan?"

"Ɗan ƙauyenmu ne." Mutumin ya mayar da wayar aljihu a hankali. "Shekara goma sha huɗu ke nan da aka kashe ƙanenmu, basha. Har yau ba mu karɓi gaisuwar kowa ba."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar wannan magana. Gidan da bai karɓi ta'aziyya ba, jini yake jira.

Ya fara kame-kame, wai tsohon hoto ne, wai mutumin ya bar gari. Babban ya yi murmushi ya ce kada ya wahalar da kansa, ai ya riga ya rubuta komai a ƙasan hoton. Suka yi sallama suka fita.

Medhat ya bi ta lungu a guje har bakin ruwa. Ya sami dattijon yana cusa zare tsakanin katakai. Yana haki ya faɗa masa komai, har da sa hannun.

Amm Radi ya ajiye guduma. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Ba ni na kashe ba, ustaz. Yayana ne, a kan ruwan gona, kuma ya rasu a kurkuku. Ni kaɗai ne namijin da ya rage a gidanmu. Hilal ɗin ni ne, gudowa na yi na sake suna."

"Zan goge shi yanzun nan, wallahi zan goge!"

"Daga waya nawa?"

Medhat ya zauna a kan wani katako.

"Na gaji da gudu," in ji dattijon. "Zan sayi likkafani in ɗauka a hannuna, in kai kaina gaban dattawan ƙauye, kamar yadda ake neman yafiyar jini a wajenmu. In sun yafe, to. Abu ɗaya nake roƙo, kada su bi ni gida. Matata tana can."

Kafin la'asar ya bar garin. Medhat ya koma shago ya rubuta wa masu gasar cewa sa hannun na bogi ne. Cikin awa ɗaya suka sauke hoton, suka cire sunansa, suka haramta masa sake shiga. Amma hoton yana nan a dubban shafuka da ba su da iko da su.

Amm Radi bai kai gaban dattawa ba. A tashar mota ta ƙarshe kafin ƙauyen aka tare shi aka kashe shi, da likkafaninsa a cikin leda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan kwana arba'in wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a ƙofar shagon Medhat. Ta ƙi shiga ciki.

"Kai ne mai hoton?"

Ya ce shi ne.

"Ni ce matar Radi. Tun da muka baro gida bai bari an ɗauke shi hoto ba ko sau ɗaya. An ce kai ne kake da fuskarsa." Ta kwance bakin gyalenta. "Ka wanke mini guda ɗaya in rataya a ɗaki. Nawa ake biya?"

Medhat ya durƙusa a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita kuwa tana tsaye tana jira.

Darasi: Idan mutum ya ce maka ba ya so, ba dole ne ya faɗa maka dalili ba. Sharaɗin da kake ganin ɓata lokaci ne, wataƙila ran wani yake karewa. Kafin ka saka fuskar kowa a intanet, ko a gasa ko don raha, ka nemi yardarsa ta gaskiya, domin abin da ya fita ba ya dawowa. Ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa ba ya rabuwa da kyamara.