Tantabarun Subhi da Tarin Ratiba

Akwai wani makanike a tsohuwar unguwa a Alƙahira mai suna Subhi. Ya gina ɗakin katako a saman benensu ya zuba tantabaru ɗari biyu. Kullum da la'asar yakan hau yana kaɗa tuta, su kewaya sama su dawo masa. Shi ke shan yabo, matarsa Ratiba ke sharar kashinsu kowace safiya.

Tari ya kama Ratiba, busasshe, ga haki. Mako uku ya zama wata takwas. Zuma, habbatussauda, babu abin da ba ta sha ba.

Likita ta duba hoton ƙirjinta ta ce, "Mama, tarin yakan lafa?"

"Da na je wurin ƙanwata a Fayyum, mako biyu ban yi ba."

"Kuna kiwon tsuntsaye?"

Ta bayyana musu cewa ƙurar gashinsu da kashinsu ke kumbura mata huhu, tarin kuwa ƙoƙarin korar ƙurar ne.

Subhi ya bushe da dariya. "Haba yarinya! Shekara talatin ina cikinsu ko atishawa ban yi ba. Rubuta mata maganin tari kawai."

Ka ji taurin kai. Bayan wata biyu ya tsinci Ratiba a matakala, tsintsiya a hannu, leɓɓanta sun yi shuɗi.

A asibiti ya ce, "Likita, don girman Allah ki cire huhuna ki sa mata!"

"Ba na son huhunka, Baba. Tantabarun za su tafi."

Ranar ya rabar da su. La'asar na yi suka dawo gaba ɗaya, ai shi ya koya musu. Ya ɗauki gatari ya farfasa ɗakin yana kuka.

Ratiba ta dawo gida da tukunyar iskar taimakon numfashi, domin tabon huhu ba ya gogewa. Subhi ya ce, "Na wanke saman fes, zo ki gani."

Ta ɗaga kai ta dubi matakalar. "Na yarda, Maigida. Ba zan iya hawa ba kuma."

Darasi: Tarin da ya wuce mako uku a kai shi asibiti, kuma in likita ta faɗi sanadi, kada girman kai ya sa a yi gardama. Tura wa wanda kake jin tarinsa kullum.