Karkataccen Layi a Bargon Kaka

An ce wai a wani gari an yi wani alƙali, Malam Shekarau, wanda shari'a ta tsufar tun kafin shekaru su yi nasu aikin. Cikin ƙararrakin da suka ishe shi kuwa, babu kamar ta bargon gidan maɗinka.

Matan gidan nan ba sa yar da tsumma. Zanen uwa in ya mutu, rigar uba in ta yage, sai a yayyanka a harhaɗa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da allura har ya zama bargo. Abin da ya fito da sunansu wani layi ne da ke tafiya sak, in ya zo tsakiya ya karkace, sauran layukan su bi shi kamar tumaki. Bargon farko mai wannan ado yana nan, ya koɗe, amma a kansa tsofaffi biyu, Tasalla da Lantana, jikokin ya da ƙanwa, suka daina ko gaisuwar mutuwa. Kowacce ta ce kakarta ce ta ƙago adon, don haka a ɗakinta bargon zai zauna. Shaidu kuwa duk ƙasa ta rufe su.

Ran nan suka sake dawowa. Malam ya dafe kai, don wallahi ya gaji. Ya sa aka kife bargon, ya daɗe yana shafa bayansa, sannan ya ce, "Duk gari na kiran wannan ado, ni kuwa kuskure na gani. Ga hujin allura inda aka warware aka sake, aka kuma karkacewa. Na daina tambayar wadda ta ƙago. Kakar wa ce ta kasa miƙe layi?"

Lantana ta zabura. "Wa? Kakata? Allah ya sawwaƙe! Sai dai tata, Allah ya gafarta Malam."

Tasalla ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Tawa ce. Hakiya ta rufe mata ido, da lalube take ɗinki. Ƙanwarta, kakar Lantana, ta ga layin ya goce, sai ta karkatar da nata layukan suka bi shi, don kada yayarta ta gane ta ji kunya. Uwata ta gaya mini, ta ce in riƙe a ciki."

Malam ya numfasa ya ce, "Lantana, da bakinki kika ce layin ba na kakarki ba ne. Tasalla, ɗauki bargonki." Ya sake duban Lantana. "Ke kuma, Iya, ba ki tashi hannu wofi ba. Kakarki ta rufa wa 'yar'uwarta asiri da allura, ke kin zo tona wa taki a gaban alƙali. Gadonki ke nan, in kina so."

Lantana ta kasa ɗaga kai. Da ta ga Tasalla na fama da naɗe bargon ita kaɗai, sai ta matsa ta kama ɗaya bakin.

Wanda ke son sunan gidansu, to ya karɓe shi har da inda ya karkace.